Tarwaɗar Rijiyar Bala

Duk Rafin Guza, in rijiya ta fara wari ko guga ya faɗa, Bala Mai Yasa ake nema. Shekara talatin ke nan yana shiga rijiyoyin mutane. Gajere ne kakkaura, ga surutu kamar ya haɗiyi rediyo, kuma duk wanda ya yi wa aiki sai ya ƙara masa da shawara kyauta: “Ka jefa tarwaɗa ciki, ta riƙa cinye maka tsutsa.” Shi ma haka ya yi a gidansa. Tasa tarwaɗar ta shekara tara a rijiya ita kaɗai, ta yi ɓulɓul, har suna ya raɗa mata, wai Hajiya. Kullum da safe sai ya leƙa ya gaishe ta.

Wata Laraba a Malali ya sauka wata rijiya ciro guga, igiyar da ya sauka da ita ta tsinke, masu gidan kuwa sun manta da shi sun tafi biki. Tun hantsi har la'asar yana tsaye cikin ruwa iya ƙugu, sararin sama bai fi faifai ba. Bai ji ciwo ba, ya kuma san za a dawo. Kaɗaici ne ya ishe shi, har ya yi kuka, shi da ko wajen jana'iza ba ya hawaye.

Washegari ya kamo Hajiya ya sa a bokiti.

“Ina za ka da ita, Malam?” in ji matarsa Uwani.

“Kogi. Ni wuni ɗaya na yi, ita shekara tara.”

“To ai masunta na can da komarsu. Nan ko ba komai ba mai taɓa ta.”

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya daɗe zaune a bakin kogin da bokitin tsakanin ƙafafunsa, yana kallon kwalekwalen masunta, zuciyarsa na ce masa ya koma gida. Can ya yi bisimilla ya karkata bokitin. Ko waiwaye ba ta yi ba, butulu.

Har gobe Bala yana yasa, yana cika mutane da surutu, hankalinsa kwance. Amma duk ranar da Uwani ta yi miyar tarwaɗa, sai ya tambayi inda aka kamo ta. In ta ce kogin nan ne, sai ya ture kwanon miyar, ya ci tuwonsa gaya.