Karen da Aka Sayar Kafin Kwana Goma

"Maman Rahila, kafin Lahadi zan sayi sarƙa. Na rantse miki."

Maganar maƙwabcina Baban Ishaku ke nan, a ƙofar gidana a Yelwa, ranar da karnukansa uku suka kashe min kaji biyu. Lahadi nawa ta wuce tun ranar, ya ƙirga da kansa.

Wata uku kun ji ni shiru a nan. Wasu sun ɗauka wayata ce ta lalace. Wayata ƙalau take. Ƙafata ce aka kusa yankewa.

Ranar wata Talata da safe na fito zan tafi makarantar da nake koyarwa. Jan karen nan nasa da suke kira Soja ya biyo ni ta baya, ko haushi bai yi ba, ya kafa min haƙori ƙasan gwiwar hagu.

Baban Ishaku ya fito yana goge baki. "Kai, Soja ba ya cizo fa. Wasa ne yana yi."

Jini yana zuba cikin takalmina, shi yana ba ni labarin halin karensa.

Yanzu zan faɗi laifina, don ban saba ɓoye shi ba. Inna Adama, tsohuwar da ke bayan gidanmu, ta ce a tsige gashin karen, a ƙona, a danna tokar cikin ciwon, dafin zai koma wa mai shi. Don ƙauna ta faɗa. Ni kuma, da duk littattafan da na karanta, na miƙa ƙafa. Na ɗaure da tsumma na tafi aji.

Kwana na uku ƙafar ta kumbura har zane ba ya son taɓa ta. Ga zazzaɓi, ga wari. 'Yata Rahila ta sa ni a keke sai asibiti.

Likita ya buɗe tsumman, ya dube ni. "Malama, ke da kike koyar da yaran mutane?"



Aka kankare ciwon, na yi ihun da ban yi ba ko a haihuwa. Aka ɗebi jini, aka sa min ruwa, aka ba ni gado. Sai likitan ya tambaya, "Ina karen? A ɗaure shi kwana goma a sa masa ido. In ya kai lafiya, hankalinmu ya kwanta. In ya canza, mun san da abin da muke faɗa."

Rahila ta koma gida da saƙon. Kun san abin da ta tarar?

Baban Ishaku ya sayar da Soja. Washegarin cizon, ya tsayar da masu sayen karnukan nan da ke yawo da kejin ƙarfe a bayan babur, ya miƙa musu shi. Har da fara'a ya gaya mata: "Ki ce wa Mama na kawar mata da shi. Magana ya ƙare."

A ganinsa alheri ya yi min. Amsa ɗaya tak da nake bukata a duniya, ko karen nan mahaukaci ne ko lafiyayye, ya ɗora ta a babur ta tafi tukunyar wani.

Don haka aka yi min magani kamar karen mahaukaci ne. Allura a cikin ciwon kansa, sannan biyar a hannu cikin wata ɗaya. Da aka zo kan ta uku, allurar ta ƙare a asibitin, sai da Rahila ta zaga shagunan magani huɗu, ta kawo ta cikin kula da ƙanƙara. Kuɗin da na tara don rufin ɗaki, can ya tafi.

Amma ba allura ce ta fi wahala ba. Na karanta cewa mai ciwon haukan kare, ruwa yake fara tsoro, kuma in alama ta fito babu magani. Kowace safiya sai in ɗauki kofi, in tsaya ina kallonsa, in kurɓa, in saurari maƙogwarona. In ya wuce, in ce yau ma ina nan.

Rahila ta kama ni ran nan. "Mama, ruwa ne fa, ba jarrabawa ba." Muka yi dariya, ta shiga ɗaki ta yi kuka. Na ji ta.

Kwana tara na yi a gado. Yau ina takawa ba sanda, na koma aji, likita ya sallame ni. Na gode wa Allah. Na gode wa nas ɗin da ke wanke min ciwo tana ce min jaruma alhali ina zaginta. Na gode wa matan zumunta da kununsu, da Inna Adama da ta zo da nono tana hawaye. Ba ni da komai da ita.

In kare ya cije ku, ku wanke da sabulu da ruwa mai gudu, minti goma sha biyar, ku duba agogo. Kada ku sa toka, ko gashi, ko man birki. Asibiti a ranar, ba jibi ba. Ku cika alluran ko da ciwon ya warke. Kuma kada ku bar kowa ya kashe karen ko ya sayar da shi. A ɗaure shi.

Saura kai, Baban Ishaku, don na san matarka tana karanta ni.

Karnuka biyu sun rage, kuma jiya na gan su a hanyar da yaran unguwa ke bi zuwa makaranta. Ina ba ka zuwa Asabar, ƙarfe goma sha biyu na rana. Sarƙa biyu, da katin rigakafi daga likitan dabbobi, in gani da idona.

In ban gani ba, Litinin da safe zan fara da mai unguwa, in wuce ofishin duba-gari, in ƙare a kotu da takardun asibiti da hoton ƙafata.

Da ƙafar nan zan taka in je. Ta warke.