Allurar da Ba Ta Fid da Jini

Zuwana na farko birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin tufafi, bayana ya riƙe tun ban gama sayayya ba. Wani abokin fatauci, mutumin Maraɗi, ya kai ni wurin wani tsoho mai maganin gargajiyar Sin. Tsohon ya kwantar da ni rub da ciki, ya jera mini siraran allurai a gadon baya, ya koma shan shayinsa.

Ni kuwa da ƙaho na saba. A Kano wanzami yakan tsaga, ya zuƙo baƙin jinin, ya nuna maka ciwonka da idonka. Nan ko ɗigo babu.

"Tambaye shi, ina jinin?" na ce wa abokina.

Ya kwashe da dariya. "Haba Alhaji, kai ba ragon layya ba ne! Nasu ba ya fid da jini, sai dai ka yi ta dawowa."

Raina ya ɓaci. Na sa aka zare alluran, na ture ƙunshin saiwoyin da tsohon ya miƙo mini, na fita ina faɗa.

Sauran kwanakina a kwance na yi su. Abokina ne ya saro mini kayan, ya kwaso launukan da ba mai ko taya su a Kano.