Tagogin Ɗakin Auta

Shekara talatin da biyu Mai Fenti ya yi yana hawa tsani, kuma a duk unguwar babu wanda zai nuna maka bangon da ya shafa ya ɓare kafin lokacinsa. Ƙa'idarsa ɗaya ce, wadda ya koya wurin ubangidansa: idan aka shafa fentin mai, tagogi su zauna a rufe ruf har kwana uku, kada ƙura ko ƙwaro su ɓata sheƙin. Hancinsa kuwa ya daɗe da daina jin warin sana'arsa.

Da aiki ya kai mijin autarsa nesa, sai ta dawo gida da cikin wata shida. Mai Fenti ya ce jikansa ba zai buɗe ido a kan tsohon bango ba. Ya zaɓi shuɗi mai haske, ya sirka shi da kananzir kamar yadda ya saba, ya shafa wa bangon ɗakinta har sau biyu, ya ja tagogi. Washegari da hantsi ya miƙa mata makulli.

"Shiga ki jera kayanki, Auta. Kada ki taɓa bango, kada ki buɗe taga."

Ba a yi rabin awa ba ta fito tana dafe da kai, ta zauna a bakin ƙofa, zuciyarta na tashi. Nan take aka kira ƙanwar Mai Fenti, wadda ungozoma ce a asibiti. Ta leƙa ɗakin, ta dawo da baya tana tari.

"Yaya, ɗaki ka gyara mata ko a gwangwani ka rufe ta?"

"Wane wari kuma? Ni ban ji komai ba."

"Ina za ka ji! Ai hancinka ya riga ka yin ritaya."

Ta kwantar da Auta a inda iska ke kaɗawa, ta kara abin saurarenta a cikin. Mai Fenti ya tsaya a kansu. Da ƙyar ya ce, "Na cikin fa?"

"Zuciyarsa na bugawa lafiya lau. Shaƙar ɗan lokaci ba kasafai take yin illa ba, amma da kwana ta riƙa yi a nan, da zancen ya bambanta. Gobe ta zo asibiti mu ƙara dubawa."

Mai Fenti ya juya. Ya shiga ɗakin ya wangale tagogin duka huɗu da hannunsa, fenti bai ko gama bushewa ba.

"Baba, sheƙin zai lalace," in ji Auta.

"Ya lalace ɗin. Bango ne."

Ya bar mata ɗakinsa, shi ya koma falo, har kwana goma, sai da ƙanwar tasa ta shinshina kowane lungu ta amince. Bayan wata uku Auta ta haifi 'ya mace mai ƙoshin lafiya.

Tun daga nan ba ya buɗe gwangwani sai ya tambaya: "Akwai mai juna biyu a gidan nan?" Idan akwai, fentin ruwa zai shafa, tagogi a buɗe, ita kuma ta koma wani ɗakin na 'yan kwanaki. Wani maigida ya taɓa yi masa gardama, ya ce matarsa ba raguwa ba ce. Mai Fenti ya naɗe tsummansa, ya saɓa tsaninsa a kafaɗa, ya yi masa sallama.