Kujerar da na kama wa Inna

Masu bin sharhin kasuwa da nake sakawa kullum, ku yi haƙuri da shirun da kuka ji. Gida na je, kuma can babu sabis.

Mun tashi daga Katsina ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina da zai sauka a Batsari. Niyyata guda ce: in ɗauko Inna, mahaifiyata, daga ƙauyenmu da ke kusa da Runka. Tun rasuwar Baba ita da Gwaggo, ƙanwarsa, suka rage a gidan, kuma kun san halin da yankin yake ciki. Na gyara mata ɗaki a gidana, har da sabuwar katifa. Tun a tasha na roƙi direba ya ajiye mini kujerar gaba ranar dawowa, don gwiwarta ba ta son matsi.

Hanyar Batsari ba laifi, sai shingayen jami'an tsaro da kuɗin mota da ya kusa ninkawa. A can muka karya da dafaffen rogo da garin ƙuli, wanda har yau ban ga garin da ya kai su iya shi ba. Abokina ya yi sallama, na hau babur ni kaɗai. Har muka wuce Wagini idon mai babur na kan daji. Gonaki an girbe wasu, wasu kuwa ciyawa ce ta cinye su tun damina.

Ga sababbin shiga, sana'ata karanta kasuwar da ake cinikin masara ko mai tun kafin lokacin miƙa kayan ya zo. Akwai zanen da muke dubawa. Duk farashin da aka yi ciniki a kai yana barin alama, har alamomin su taru su yi siffar tulu kafin a tashi. Cikin tulun shi ne inda mai saye da mai sayarwa suka daɗe suna daidaitawa. Siririn wuyan kuwa wurin da farashi ya ruga ne ba wanda ya tsaya. Kullum ina gaya muku kada gudun farashi ya ruɗe ku, ku dubi inda ya daɗe, don can yakan koma. Inna dai ta taɓa cewa ba ta gane mai sayar da masarar da bai taɓa ganin buhunta ba.

Na iso ranar kasuwa, sai na ga kasuwarmu ta zama wuyan tulu zalla. Da can mutane kan zauna gindin bishiya har la'asar, ana fura ana gardama. Yanzu kowa a tsaye yake ciniki, kafin azahar an watse. Na bi rumfuna ina neman abokan ƙuruciya, ban samu ko ɗaya ba. Kaɗaici ya kama ni a garin da aka yanke mini cibiya.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon akuya. Na faɗi abin da ya kawo ni, na yi bayani mai tsawo. Sai ta juya ga Gwaggo.

"Ki ce ma baƙon nan tuwo na hucewa."

Iyakar amsar ke nan. Tun ina yaro haka nake karanta Inna, ba daga bakinta ba, daga abin da hannunta ke yi. Washegari da safe na ga ƙunshi babba ɗaure da zanenta a bakin ƙofa. Zuciyata ta yi fari tas. Na hau kan tudu inda ake ɗan samun sabis, na tabbatar wa direba cewa mu biyu ne.

Sauran yinin kuwa a gindin rumbu ta yi shi. Tana zaune kan tabarma tana tsince wake, tana ware masu kyau, tana cuɗa su da toka tana zubawa a tukunya. Na zauna nesa kaɗan ina kallonta, ina jin daɗi, ban tambayi kaina ba me mai shirin tashi za ta yi da irin shukar baɗi.

Ranar tafiya na kawo babura biyu. Gwaggo ta ɗauko ƙunshin ta miƙa mini.

"Wakenka ne. Ta ce a gaida yara."

"Ita fa, Gwaggo?"

"Ɗan nan, ta ce wa zai share kabarin tsohonka in ciyawa ta fito?"

Inna na gindin rumbu, ta ba ni baya. Na yi sallama, ta ce wa tukunyar, "Allah ya tsare hanya." Na ji muryarta ta karye, na hau babur.

A Batsari direba ya cika alkawari, kujerar gaba na nan. Na ɗora ƙunshin a kai, na koma baya na matsu cikin mutane. Wani fasinja ya ce bai taɓa ganin wake mai gata irin wannan ba, aka yi dariya, ni ma na taya su.

Mun shigo Katsina kafin magariba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne abin da nake koya muku: na ga ƙunshi a bakin ƙofa na bi shi da gudu, alhali yini guda tana nuna mini inda ta zauna. Karatu ne aikina, ba ni da ikon matsar da kasuwa, balle Inna. Waken yana ɗakinta, kan sabuwar katifar da ban cire wa leda ba. Har yanzu na kasa kwance zanen.