Turken Kazar Hajiya

Tun da wuri in faɗa, kada wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifin, ban samu ba.

Shekarun da na yi ina tuƙa oga a Maitama, akwai wata bishiya a bakin get ɗinsa, furenta fari, cikinsa ruwan ƙwai, ƙamshi kamar an fasa kwalbar turare. Firanjifani suke ce mata. Da na ajiye aiki sai na ce nima sai ta tsaya a ƙofar ɗakina, tunda ba a rubuta sunan masu kuɗi a jikinta ba.

Na je wajen wani Bagwari mai sayar da fulawa a bakin titi wajen Durumi. Ya yanko mini reshe uku, babu saiwa, babu ganye, sai farin ƙaro yana ɗiga.

Ya ce, "Baba, kar ka shuka yau. Ajiye shi inuwa sati biyu, bakinta ya bushe. Kuma ba ya son ruwa da yawa."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce, ni da na tashi ina dasa rogo, yau ake koya mini reshe? Wane mahaluki ne ake bari da ƙishirwa don ya rayu?

Wuri ɗaya ne a gidanmu mai ƙasar kirki, fangalin alayyahun Hajiya, uwargidana. Na tuge shi. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Malam, furen za mu kaɗa a miya?" Muka yi sharaɗi: in damina ta faɗi reshen bai yi ganye ba, fili ya koma hannunta, kuma na bar sa baki a harkar shuka har abada. Na yarda da ƙarfin murya.

Ranar na dasa biyu. Na ukun gajere ne, na raina shi, na wurga bayan akurki. Biyun nan kuwa sun ga gata. Taki daga kasuwar Dei-Dei na ɗauko, rabin buhu. Ruwa bayan Asuba, ruwa bayan La'asar, wani lokacin har da ragowar na alwala don albarka.

Sati huɗu shiru. Na taɓa ɗaya, yatsana ya nutse kamar ruɓaɓɓiyar ayaba. Na jawo ɗayan, ya fito da wari. Na mayar na tokare shi da dutse, na ci gaba da ba shi ruwa don kada Hajiya ta gane. Ta gane.

Da aka yi ruwan farko ta miƙo mini fartanya, in gyara mata fangalinta da hannuna. Ina ciki sai na hango kore a kan tarin yashin da magina suka bari. Gajeren nan ne. Ashe Hajiya ta tsince shi a bushe, ta kafa a yashi tana ɗaure kaza mai 'ya'ya. Ganye biyar, sai sheƙi suke.

Na yar da fartanya, na ɗauko buta. Na ce, "Hajiya, ai na ci sharaɗi. Reshena ne wannan."

Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Ajiye butar nan, Malam. Da ni da shi, a gidan nan mun yi kyau ne don ba ka kula mu."