Mujallar Kiɗan Rok da Ba a Ba Maki Ba

Ina aji biyar a makarantar kwana a Talata Mafara aka kawo mana sabon malamin Turanci, ɗan bautar ƙasa daga kudu. Siriri ne dogo, da suma kamar an kifa masa kwando, ga wando mai buɗaɗɗen baki yana sharar ƙasa. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cinikin ƙosai ba. A sati na uku ya shigo aji rungume da rikoda, ya ɗora ta a kan tebur, ya danna.

Ƙarar da ta fito sai da 'yan layin gaba suka ja da baya. Wani ya ce injin niƙa ne ya haɗiyi tsakuwa. Muka yi ta dariya, Malam ma yana dariya, amma bai kashe ba. Can hayaniyar ta lafa, tsarkiya guda ta rage tana kuka ita kaɗai, tana hawa tana sauka kamar wadda aka yi wa rasuwa. A nan tawa dariyar ta tsaya.

Malam ya ce sunan kiɗan rok, abin da ke kukan kuma jita ce mai aiki da lantarki. Sannan ya ba mu aikin zango. Kowa zai ƙirƙiro mujallar kiɗan rok tasa mai shafi takwas: bango, shafin abin da ke ciki, hira da makaɗi, da talla. Makin zai shiga sakamakonmu. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ƙara da cewa yana da aboki a wata maɗaba'a a Kaduna, suna ɗaukar masu koyon tsara shafi, kuma mujallar da ta fi kyau da hannunsa zai kai ta can.

Yawancin 'yan ajinmu wasa suka ɗauki abin. Ni ban ɗauke shi wasa ba, saboda abin da na baro a gida.

Garinmu yana kusa da Maradun, ko in ce a da yana can. Da aka tare gulbi aka yi madatsar Bakolori, ruwa ya taru ya haye gonakinmu da gidajenmu har da maƙabarta. Aka kwashe mu zuwa wani tudu mai tsakuwa, inda in ka sara fartanya sai ta yi tartsatsi. Baba, wanda ya saba da shinkafar fadama da dankali, aka ce masa ya jira, za a raba gonakin ban-ruwa. Damina biyu ke nan yana jira. Ni ne babba, ƙannena huɗu. Da na ji maganar Kaduna sai na ji kamar an buɗe taga a ɗakin da hayaƙi ya cika.

Akwai wani ɗan garinmu da ke aikin kuku a sansanin Turawan madatsa. Shi ya tsinto mini tsofaffin mujallu daga shararsu, a wani harshe da ko Malam bai iya karantawa ba. Hotunan kawai nake so. Na sami kwalin sabulu na yi bango, na jiƙa ƙaro ya zama gam, na raba reza biyu don yanka. Manyan haruffa kuwa alƙalamin gamba na feƙe, na sa tawadar allo, domin tun ina makarantar allo ni ake ba zayyana in wani zai yi sauka. Na raɗa wa mujallar suna Tsawa.

Duk la'asar sai in kai wa Malam abin da na yi, yana zaune a barandar ɗakinsa. Shi ya koya mini kada in cika shafi, in bar masa wurin shan iska. Shi ya hana ni wuce launi uku. Sau huɗu na sake bangon nan. A na uku na liƙa hoton wani mai jita a gefen dama, na ɗauka na gama, sai Malam ya ɗora yatsa a kan idon mutumin ya ce, da Turanci:

"Ina yake kallo?"

"Waje, Malam."

"To mai karatu zai bi idonsa ya fita daga shafinka. Juyo da shi ciki."

Ban taɓa sanin akwai mutanen da aikinsu a duniya shi ne tunanin inda idon wani zai sauka ba. Na koma ɗaki ina jin wannan aikin ne aka halicce ni dominsa.

Da aka ba mu hutun tsakiyar zango na tafi da shi gida. Na tarar da Baba a gindin katanga yana gyaran ƙotar garma, garmar da ba ta da inda za ta. Bayan mun gama gaisuwa na miƙa masa bangon. Ya goge hannunsa a riga, ya riƙe shi ta gefe-gefe don kada ya ɓata.

"Waɗanga mata na ko maza?"

"Maza na, Baba. Makaɗa na."

Na zaci zai yi faɗa, domin bai taɓa son mu tsaya ko wurin kalangu ba. Ya daɗe yana kallon haruffan.

"Kai ka yi wanga rubutu?"

"Ni na yi."

"Mi za a samu cikinai?"

Na gaya masa zancen Kaduna. Ya miƙo mini kwalin, ya ɗauki ƙotarsa.

"Yi shi da kyau. In ka samu hanya ka tahi, kak ka waiwayo. Babu komi nan."

Wannan mutum ne da a da ko Gusau zan je sai ya ce me na rasa a gida.

Saura shafin hira. Malam ya ce tunda babu makaɗin rok a ƙasarmu, kowa ya ƙirƙiro nasa ya sa masa magana a baki. Na gwada, abin ya ƙi. Ban san me irin waɗannan mutane ke ci ba, balle abin da za su ce. Sai na tuna da Kawu, yayan Inna, makaɗin noma ne a wani ƙauye kusa da Bakura. Ina yaro na sha ganin samari suna neman kashe kansu da aiki a kunyar gona saboda ya ambaci sunan ubansu da ganga. Na roƙi Malam, ya ara mini rikodarsa da kaset biyu, ɗaya na rok, ɗaya babu komai.

Ranar kasuwar Damri na same shi, a layin masu igiya, ya baza tasa a kan buhu. Ban san ya koma tukar igiya ba. Da kasuwa ta fara watsewa muka taka zuwa gidansa. Su can ƙasan madatsa matsalarsu kishiyar tamu ce. Mu ruwa ya cinye mu, su kuma ruwa ya daina zuwa. Gulbin da ke malalowa fadama kowace shekara an riƙe shi, fadamar ta bushe ta tsattsage.

Gangarsa na rataye a zaure, fatar gefe ɗaya ta yage. Na kunna masa kaset ɗin rok. Ya sunkuyar da kai, yatsunsa na motsi a kan gwiwa, har waƙar ta ƙare.

"Wanga mai ganga yana da hannu," in ji shi. "Amma wa yaka yi ma? Ban ji ya kira sunan kowa ba."

"Ba su kiran suna, Kawu. Jama'a ka taruwa su saurara."

"Su tsaya haka nan? Ba su aikin komi?"

"Suna dai rawa."

Ya girgiza kai. Na sa ɗaya kaset ɗin, na roƙe shi ya ɗan buga mini ko a gefen da bai yage ba, in kai wa Malam.

"Ɗana, gangar noma ba ta magana sai ta ga bayan manomi a duƙe. Rabona da gayya tun shekarar da gulbi ya bar hitowa. Samarin da nika yi ma kirari, rabi sun tahi kudu dako, rabi suna can suna haƙa ma kamfani lambatu. In buga ma wa? Ma akwati?"

Na rubuta duk abin da ya ce. Sannan na karanto masa tambayar ƙarshe a jerin da Malam ya ba mu, wadda ya ce kowace hira da ita ake rufewa: mene ne shirinka na gaba? Kawu ya yi dariya har da tari.

"Rubuta igiya."

Na rubuta. Da Malam ya karanta fassarar da na yi, sai ya koma farko ya sake karantawa. Daga baya ya ce wannan ba rok ba ne, amma in sa shi a shafin tsakiya, in ba shi shafi biyu. Ya ce in kawo aikin a kammale nan da sati biyu.

A cikin satin biyun nan ne abin ya faru. Dama tun farkon rani manoma sun fara zama a kan hanyoyin da ke zuwa madatsa, suna hana motoci wucewa, suna cewa a ba su gonaki. Labari na zuwa mana makaranta. Na ji an ce mutanen tudunmu sun shiga, na kuma san Baba ba zai zauna a gida maƙwabta su tafi ba. Na yi niyyar in je in gan shi ranar Juma'a, sai na ce bari in gama shafin talla tukuna. Tallar batir ce, ina ta fama da yadda zan zana walƙiya.

Ban ga abin da aka yi ba, don haka ba zan ba da labarin da ba nawa ba. Abin da na sani, wata safiya manyan motoci sun wuce ta bakin makaranta cike da 'yan sanda masu bindiga, kafin azahar kuma aka tara mu aka ce an rufe makaranta, kowa ya nemi gida. Na bi ta daji da akwatina a ka, don an ce kada a bi titi.

Na tarar da Baba kwance a ɗakin Inna, an ɗaure masa cinya da rawaninsa, rawanin ya sha jini ya bushe ya yi baƙi. Maƙwabcinmu da suka fita tare bai dawo ba, kuma ba a kawo gawarsa ba. Na ce a kai Baba asibiti. Inna ta ce ana cewa duk wanda aka gani da rauni tafiya za a yi da shi. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, babu wanda ya yarda ya gwada. Wanzami ne ya yi ta zuwa yana wankewa. Ciwon ya rufe bayan wata biyu, amma ƙafar ba ta ƙara ɗaukarsa ya wuce masallaci ba. Bai taɓa gaya mini abin da ya gani ba, ni ma ban tambaya ba. Bai kuma taɓa tambayata inda nake a ranar ba, wannan ya fi damuna.

Da aka buɗe makaranta na koma da mujallata a naɗe cikin takardar siminti, shafi takwas cif, na ɗinke ta da zaren Inna. Kai tsaye na wuce ɗakin Malam. Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maigadi ya ce tun a satin da abin ya faru ya tattara kayansa ya shiga motar kudu, iyayensa sun aiko ya dawo. Na ce bai bar adireshi ba? Bai bar saƙo ba? Maigadi ya ce shi dai bokiti ya bar masa.

Wanda aka ba ajinmu dattijo ne, mutumin kirki. Na kai masa mujallar. Ya buɗe shafi ɗaya-ɗaya, ya tsaya kaɗan a kan hoton mai jita, ya rufe.

"Ka yi ƙoƙari," ya ce. "Amma wannan ba ya cikin manhaja. Ba ni da inda zan sa makinsa. Ka ajiye, ka mai da hankali ga jarrabawa."

"Malam, ko ka san maɗaba'ar da abokinsa yake a Kaduna?"

"Wace daga ciki?"

Sai a lokacin na gane ban taɓa tambayar sunanta ba.

Jarrabawar ma ban zauna ba. Ana saura 'yan makonni aka aiko cewa an ba gidanmu gona a filin ban-ruwa, 'yar ƙarama, tafiyar fiye da awa guda daga tudu, kuma wanda bai shuka tasa ba ana iya ba wani. Baba ba ya iya zuwa, mai bi mini mace ce, sauran ƙanana. Na dawo gida. Baba ya yi faɗa, ya ce in koma. Na ce masa in an girbe zan koma in zauna ta baɗi. Da aka girbe shinkafa sai dashen albasa ya zo, bayan albasa kuma wata daminar.

Baba ya rasu a shekara ta uku da dawowata. Kawu ya bi samarinsa kudu, ya sami gadin wani shago, a can aka binne shi. Mujallar tana ƙasan akwatin Inna tare da zannuwanta, har wata damina gara ta shiga ta ƙasa. Abin da ya rage bai kai tafin hannu ba, na share na zubar.

Sau ɗaya na je Kaduna, bayan shekaru, a saman motar albasa. Da muka sauke kaya na ce wa direba ya ba ni awa biyu. Na shiga wani layi da aka ce na masu buga takardu ne, na tsaya a ƙofar wani shago ina kallon wani saurayi yana jera shafi a kan tebur mai fitila a ƙasa. Ya ɗago ya ce, "Baba, katin biki ne ko kalanda?" Na ce a'a, wucewa nake. Na koma tasha, na tarar an fara loda buhunan taki da za mu dawo da su, na kama musu.