Ba Doguwa Ce Ta Ɗauki Namata Ba

Ina ƙofar gida ina karɓar barka, don jikana Namata ya cinye tseren 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, a Dogon Dutsi, sai ga abokansa sun ɗauko shi a kan tabarma. Gado, babbansu, ya ce a hanya suka bi ta gindin tsamiya, doguwa ta buge shi. Muka yarda. Uwarsa ta turara shi, aka aika garin Matankari kiran mai gogen bori. Likita yana nan kusa da gidan kumandan mai mulkin gari, amma ba wanda ya nufe shi, don ba a kai ciwon iska wurin likita. Kafin la'asar Namata ya cika.

Wurin wankan gawa na ji warin, warin jar giyar Nasara.

Na kira Gado gefe. Da na matsa masa, sai ya ce al'adarsu ce a kwalejin Yamai, inda suke karatu: wanda ya ci tsere, a cika masa kofin da ya ciyo, ya shanye, a sake cikawa, suna tafi. Wanda ya ƙi, shi ne baƙauye. Ya ce tsoron kora ne ya sa suka ambaci doguwa.

Na ce, "Ɗana, da ka faɗa mini da safe, da a bayana zan goya shi zuwa likita."

Yaron da suka yi wa tafi, shi ne yake raka ni karatun manya da yamma, yana riƙe mini allo. In na juya harafi sai ya ce, "Tsoho, jakinka ya fuskanci gida." In an yabi gudunsa yakan ce awakin kakarsa ne suka koya masa. Kowane hutu sai ya yi noman gero har tafinsa ya fashe.

Masu gaisuwa suna ce mini in bar maganar, kwana ne ya ƙare. Na san kwana ne. Amma tsamiyar nan ba ta yi komai ba, kuma baɗi ma za a yi tsere, wani jikan zai ci, za a cika masa kofi. Na faɗa wa mushensu, wato malaminsu, haka a gaban jama'a, zan kuma maimaita.

Allah Ya jiƙan Namata, Ya yafe masa abin da aka ɗura masa. Allah Ya ba uwarsa haƙuri, ita da har yau take zagaye tsamiyar in za ta rijiya.